Gawo a Watan Agusta: Hoton Tsirrai da Matsalar Gane Mutuwa a Kudancin Kano

Tsakure

Masu ɗaukar hoton fasaha na wannan zamani sun daɗe suna amfani da tsirrai wajen yin magana a kan kyau da ƙarewar rayuwa. Ƙa'idar da suka gada mai sauƙi ce: furen da ya buɗe rai ne, wanda ya yi yaushi ajali ne. Wannan maƙala ta ɗauki ƙa'idar ta gwada ta a kan itatuwa da ciyayin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ta nuna cewa a nan takan juye. Itacen da ya yi tsirara yana iya kasancewa cikin ƙoshin lafiya, furen da ya fi kowane kyau a gona kuma shi ne shaidar an yi asara. Hujjar maƙalar ita ce hoto guda ɗaya ba ya iya raba itacen da ke hutawa da wanda ya mutu, sai an haɗa masa da lokaci, da suna, da sanin mutanen wurin.

Gabatarwa



Zan fara da hoton da kowannenmu zai iya ɗauka da wayarsa. A tsaya a gefen wata gona tsakanin Bebeji da Kwanar Dangora a watan Agusta. Dawa ta kai ƙirji, ƙasa ta yi kore shar, sama ta haɗa hadari. A tsakiyar gonar ga wani babban itace, rassansa fari fat, babu ko ganye ɗaya. A ɗauke shi, a wanke hoton a baƙi da fari, a rataya shi a ɗakin baje koli a Landan ko Legas. Duk wanda ya tsaya gabansa zai ce ga gawa tsaye a tsakiyar masu rai, wataƙila ma ya kawo zancen hamada da sauyin yanayi. A kawo hoton nan gaban mai gonar kuwa, kallo ɗaya zai yi masa ya ce gawo ne. Lafiyarsa ƙalau. Haka Allah ya yi shi, yana zubar da ganye idan ruwa ya sauka, ya yi toho idan ruwa ya ɗauke. Saboda wannan hali ne ma aka bar shi a gonar: ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Kyamarar ba ta yi ƙarya ba. Mai kallon ne ya zo da ma'anarsa daga gida. Tambayar ita ce daga ina ya samo ta, kuma me zai faru idan matasanmu masu ɗaukar hoto suka karɓe ta ba tare da sun bincika ba.

Inda ƙa'idar ta fito

Tun farkon sana'ar ɗaukar hoto tsirrai suke cikinta. A 1843 Anna Atkins ta fara fitar da littafinta na hotunan ciyayin tekun Birtaniya, wanda ake lissafa shi a matsayin littafi na farko da aka ƙawata da hotuna na haƙiƙa. Ba ta yi amfani da kyamara ba. Ciyawar take ɗorawa a kan takardar da aka shafa wa sinadarin ƙarfe, ta shanya a rana, sai siffar ta fito fara a kan shuɗi. A 1928 Karl Blossfeldt na Jamus ya buga Urformen der Kunst, inda ya ƙara girman toho da kara har suka koma kamar aikin maƙeri. Su biyun siffa suke nema.

Zancen mutuwa ya shigo ta wata ƙofa, daga masu zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17, waɗanda suke zana furanni a tulu, wani ya buɗe, wani ya sunkuya, ga ƙwaro yana cin ganye, wani lokaci har da ƙoƙon kan mutum a gefe. Sunan wannan salo vanitas, wato tunatarwa cewa ƙawar duniya mai gushewa ce. Masu hoto suka gaje shi. Littafin Irving Penn na furanni, wanda ya fito a 1980, cike yake da furannin da suka wuce ganiyarsu. A 2007 Ori Gersht ya kai abin maƙura: ya daskarar da furanni da ruwan naitirojin, ya tarwatsa su da nakiya, ya ɗauki hoton daidai lokacin da suke watsewa. Masana kuma suka ba abin ginshiƙi. Susan Sontag a 1977 da Roland Barthes a 1980 duk sun tafi a kan cewa kowane hoto yana ɗauke da ƙamshin mutuwa, domin abin da ya kama ya riga ya wuce.

Ayyuka ne masu ƙarfi, ban raina su ba. Amma a lura da abin da suka yi tarayya a kai. Furen an yanke shi daga uwarsa, an shigo da shi ɗaki, an kafa shi gaban labulen da babu komai a jikinsa. Ba shi da gari, ba shi da mai shi, ba shi da wata. Kuma idon da ya tsara ƙa'idar ya tashi ne a ƙasar da sanyi ke kashe ganye, inda jan ganye ke nufin shekara ta zo ƙarshe.

Fure da fulawa

Jack Goody, a littafinsa The Culture of Flowers na 1993, ya yi mamakin yadda bai ga al'adar ƙawa da furanni ba a yawancin Afirka ta kudu da Sahara. Ta wata fuska yana da gaskiya. Bahaushe ba ya kai wa mara lafiya damin fure, ba ya ajiye shi a kan kabari. Abin da muke sa wa a tulu ma sunan aro muka ba shi, fulawa, kuma sau da yawa ta roba ce, irin wadda ke bayan amarya a situdiyon ɗaukar hoto. Ba ta yaushi, shi ya sa ake son ta.

Inda na rabu da shi shi ne, rashin yanka fure ba rashin kallon fure ba ne. Harshen da ya ware wa furen ɗorawa suna nasa, tutu, ya kira na wake da gyaɗa huda, ya kira garin da ke fitowa a kan zangarniyar gero bununi, harshen mutanen da suka ƙura wa abin ido ne. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin sunayen tsirrai da J. M. Dalziel ya tattara a 1916 zai ga yawan irin waɗannan kalmomi. Bambancin kawai, a wurinmu fure mataki ne a kan hanya. Tutu alkawarin kalwa ne, kalwa kuma alkawarin daddawa. Wanda ya tsinke shi don ya yi ado ya zubar da miyar baɗi.

Haka kuma tunanin haɗa tsiro da ƙarewar duniya ba baƙonmu ba ne. Alƙur'ani ya buga wannan misali a wurare da dama, a Suratul Kahfi da Suratul Hadid da Suratu Yunus: ruwa ya sauka, shuka ta yi kyau, sannan ta bushe ta zama karmami. Sai dai misalin a kan gona yake, da zagayowar damina da rani, kuma a wasu ayoyin wannan ƙasa da ta mutu ita ce hujjar tashin ƙiyama idan ruwa ya sake sauka. Bushewa a nan ba ita ce kalmar ƙarshe ba. Akwai kuma abin da ya shafi mai hoto kai tsaye. Sanannen abu ne malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, amma ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim ta nuna Ibn Abbas ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma kan itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Ke nan wannan fage ne da ƙofarsa ke buɗe tun tuni, kuma abin mamaki ne yadda hotonmu ya tare a fuskar mutum, biki da siyasa da hawan salla.

Dajin da ke juya alama

Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sun dace da wannan gwaji saboda a cikin tafiyar sa'o'i kaɗan ƙasar take sauya kama. Bebeji da Kiru gonaki ne masu itatuwan da aka zaɓa aka bari: ɗorawa, kuka, tsamiya, kaɗanya, gawo nan da can. Daga Tudun Wada zuwa Doguwa ruwa ya fi yawa, a tsaunukan Riruwai yakan haura milimita 1,000 a shekara, dajin kuma ya koma na doka da maje da marke. A nan dajin Falgore yake, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda Turawan mulki suka keɓe a shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960.

A shiga irin wannan daji bayan wutar kaka ta bi ta kansa. Ƙasa baƙa ƙirin, toka ko'ina. Bayan 'yan makonni, tun ruwa bai sauka ba, sai doka ta fito da ganye ja, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Baƙon ido zai ce ganye ne ke mutuwa, domin haka yake a ƙasarsu. Jariri ne. Sai ya ƙosa yake komawa kore. Gurjiya kuwa sai ta tuɓe ganyenta kaf a tsakiyar hunturu sannan take fitar da furenta ja jawur a kan busassun rassa. Madobiya ma haka, ruwan ɗorawa take yi tun daga sama har ƙasa alhali babu ganye a jikinta.

Kuka ta fi su rikitarwa. Rabin shekara tsirara take. Cikinta yana iya zama kogo har mutum ya shiga ya zauna, tana nan da ranta. A ɓare ɓawonta a tufka igiya, ta mayar da wani. Waɗannan guntayen rassa masu kama da dunƙulen hannu, da masu hoto ke so saboda suna kama da azaba, aikin masu saran ganyen miya ne shekara da shekaru. Kukar da aka fi sara ita ce wadda ganyenta ya fi daɗi. Tabon da ke jikinta shaidar ana son ta ne, ko da yake, kamar yadda Hausawa suka ce, ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi damuna. A watan Satumba za a ga gonar dawa ta yi shar da wani fure mai launi tsakanin ja da shuɗi, kyakkyawa ƙwarai, irin wanda mai kyamara zai durƙusa a gabansa. Ƙuduji ne, wasu su ce wuta-wuta. Saiwarsa tana manne da ta dawa tana tsotse ta, kuma yawancin ɓarnar ya riga ya yi ta tun yana ƙarƙashin ƙasa. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Kyan ɗan maciji ke nan. Idan ana neman hoton da ya haɗa kyau da mutuwa a kudancin Kano, ga shi nan, babu buƙatar nakiya. Amma fa sai mai kallo ya san sunan furen. In bai sani ba, katin gaisuwa kawai ya gani.

Darasi daga Maraɗi

Kada a ɗauka wannan kuskuren karatu na masu fasaha ne kaɗai. Masana ma sun faɗa ciki. A farkon shekarun 1980, a yankin Maraɗi, ana ta dasa itatuwa suna mutuwa, har Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manoma suka koma rage tohon suna barin mafi ƙarfi. Abin da ya tabbatar wa duniya da girman sauyin hoto ne, amma ba guda ɗaya ba: Gray Tappan ya jera hotunan sama na 1975 kusa da na bayan shekara 30, na wuri ɗaya, sai aka ga itatuwa sun ninka. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar da kusan hekta miliyan 5. A gida ma, binciken da aka buga a 1990 da sunan Wood Fuel in Kano, wanda Michael Mortimore yana cikin marubutansa, ya nuna gonakin kewayen birnin Kano ba su rasa itatuwansu ba kamar yadda ake ta faɗa.

A nan ne nake ganin maganar Barthes ta gaza idan aka kawo ta kan tsiro. Ga fuskar mutum, tsayar da lokaci yana tuna mana ajali. Ga itace, tsayar da lokaci yana ɗauke shaidar da za a yanke hukunci da ita. Gawon Agusta da gawon da ya mutu siffarsu ɗaya a hoto. Watan Disamba ne kaɗai zai raba gardama.

Mutuwar da ke da sanadi

Ban ce babu mutuwa ba. Akwai ta, kuma tana da suna da sanadi. Madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta shimfiɗa tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 a kan gonaki da ƙauyuka. Itatuwan da ke wurin ba su ƙaura tare da masu su ba. Ruwan nan ya raya noman rani a Kadawa da Kura, ya kuma sauya yadda kogi ke gudu har ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa can a fadamun Haɗeja. Buhunan gawayi da ke jere a bakin titin Kano zuwa Jos kirya ce da marke. Madobiya kuwa, saboda yadda aka yi ta kwasarta daga Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Sin, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2016. Idan an sare ta, wani jan ruwa take fitarwa kamar jini. Dajin Dansoshiya na Kiru shi ma yana tsakanin mai noma da mai kiwo da mai gatari.

Hoton da ya ɗauki kututture ya lulluɓe shi da hazon hunturu don ya yi kyau, ya kira shi ƙaddara, ya taimaka wajen ɓoye hannun da ya riƙe gatarin, da talaucin da ya miƙa masa shi, da murhun birni da ke jiran buhun. Wannan shi ne haɗarin salon vanitas a wurinmu: yana mai da kowace mutuwa wa'azi, alhali wata mutuwar ƙara ce da ya kamata a shigar.

Akwai masu fasahar da suka kauce wa wannan rami. Rachel Sussman, a littafinta na 2014 kan halittun da suka haura shekara 2,000, ta haɗa kowane hoto da suna da wuri da shekaru, ta yi aiki tare da masana kimiyya. Kapwani Kiwanga, a jerin aikinta Flowers for Africa, tana duba tsofaffin hotunan bukukuwan samun 'yancin ƙasashen Afirka, ta sa a sake haɗa furannin da ke kan teburin manya, ta bar su su bushe a gaban masu kallo. Yaushin nan yana da kwanan wata da ƙasa. Kuma lokacin da Adrian Patrut da abokan aikinsa suka ba da rahoto a 2018 cewa 9 daga cikin kukoki 13 mafiya tsufa a Afirka sun mutu ko sun rasa tsofaffin gaɓoɓinsu cikin shekara 12, abin da ya ba maganar nauyi shi ne sun san kowace kuka ɗaya bayan ɗaya, sun kuma sha komawa wurinta.

Abin da mai kyamara zai yi

Shawarata ga mai son yin wannan aiki a kudancin Kano ita ce ya rage yawo. Ya zaɓi itace ɗaya, ya kafa ƙafarsa a wuri ɗaya, ya dawo da bazara da damina da kaka da hunturu. Ya nemi izini, domin ɗorawar da ke gona tana da mai ita, a wasu wuraren ma ana gadonta daban da ƙasar da take kai. Shiga Falgore kuwa sai da sanin hukuma da ɗan rakiya. A ƙarƙashin hoton ya rubuta sunan itacen da Hausa, da unguwar, da watan. Sunayen wurare ma kundi ne. Akwai mazaɓa a Doguwa da ake kira Dogon Kawo, a birni akwai Tsamiyar Boka da Rimin Kebe. Bin irin waɗannan sunaye a ga ko itacen na nan, in ba ya nan a ɗauki abin da ya maye gurbinsa, aiki ne da zai ci shekaru.

Ko kayan aikin ma ana iya samo su a gida. Hanyar Atkins rana take buƙata, mu kuwa ba ma sayen rana. Shuɗinta zai tuna wa Bakano marinar Ƙofar Mata, ko da yake nata daga gishirin ƙarfe yake fitowa, namu daga baba. Akwai wata tsohuwar hanya ta zamaninta da ake shafa wa takarda ruwan fure ko na ganye, a ɗora abu a kai, a bar rana ta cinye launin da ke fili. Zoɓo zai yi wannan aiki. Irin wannan hoto ba ya tsayawa, haske yana ci gaba da cinsa har ya shuɗe. Binh Danh, ɗan asalin Biyetnam, ya buga hotunan yaƙin ƙasarsu a jikin ganye da wata dabara mai kama da wannan.

Furen kuka shi ne jarrabawar da zan ba ɗalibi. Yana fitowa wajen farkon damina, fari, yana reto a kan dogon sili. Da magariba yake buɗewa, cikin ɗan lokacin da ido zai iya bin motsinsa. Jemagu ke zuwa masa da dare, su suke kai garinsa daga wannan fure zuwa wancan. Kafin yammacin gobe ya koma ruwan ƙasa, ba da jimawa ba ya faɗo. Ɗalibin zai kwana a gindin kuka, wurin da yawancinmu aka hana mu zama tun muna yara saboda iskoki, don haka sai ya fara shawo kan mai gonar da kuma kansa. Zai ɗauki buɗewar, da jemagen in ya yi sa'a, da furen da ya faɗi da safe. Sannan ya ɗaga kai ya ɗauki silin da ya rage a sama, wanda ƙullin ɗan kuka ke ƙarshensa, ya rubuta ranar, ya koma bayan wata biyar.